Babi na Shida: In Intanet Ya Ɗauke, Daga Ina Ake Fara Bincike?

"Ga alamar Wi-Fi a cike, data kuma jiya-jiya na saya, to me ya hana shafin buɗewa?" Da wuya a sami mai kwamfuta a gida ko a ƙaramin ofis da bai taɓa yin wannan tambaya ba, galibi cikin ɓacin rai. Abin da ke biyo baya ma kusan iri ɗaya ne ko'ina: a kashe rauta a kunna, a zare sim a goge a mayar, a yi wa kamfani Allah ya isa. Wani har ya kai kwamfutar kasuwa a sake mata Windows ɗungurungum. Wani lokaci intanet ɗin ya dawo ba tare da an san abin da ya dawo da shi ba, gobe ya sake ɗaukewa, a koma gidan jiya.

Tsakanin kwamfutarka da shafin da kake nema akwai zango da yawa. Akwai kwamfutar kanta, da kebul ko Wi-Fi da ya haɗa ta da rauta, da rautar, da layin da ya fita daga gida zuwa kamfanin da kake biya, da hanyoyin kamfanin zuwa sauran duniya, sannan can ƙarshe kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Ko wane zango ne ya yanke, saƙon da burauza za ta nuna maka kusan ɗaya ne. Aikin mai bincike shi ne ya gano zangon da aka tsaya.

Mun riga mun iya wannan a harkar wutar lantarki. In fitila ta mutu da daddare, ba mai fara ɓalle soket. Za ka duba ko ɗakin ne kaɗai, ka duba mita, ka leƙa gidan maƙwabta. In unguwa duka ta yi duhu, ka san matsalar ta fi ƙarfinka. Haka ake bin intanet: daga na kusa zuwa na nesa, zango bayan zango.

Zamanin da modem ke faɗin ciwonsa

Waɗanda suka riski intanet a ƙarshen shekarun 1990, kafin wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, sun san shi ta layin tarho na ƙasa: layin NITEL a Najeriya, na Sonitel a Nijar. Kwamfuta ce ke buga lambar kamfani ta hanyar modem, kuma kana jin komai da kunnenka. Da farko ƙarar layi, sai ƙararrakin lambobi ɗaya bayan ɗaya, sai wayar ta yi ringin, sai wani tsuwwa da kururuwa na 'yan daƙiƙoƙi. A cikin kururuwar nan modem ɗinka da na kamfani ke gwada lafiyar layin, su daidaita kan saurin da zai iya ɗauka. Daga nan kamfani ya duba sunanka da kalmar sirri, ya ba kwamfutarka adireshi, ka shiga.

Daɗin wannan tsari shi ne kowane mataki yana da lambar kuskurensa a Windows. In ka ga 680, modem bai ji ƙarar layi ba. Ko waya ta zare, ko an yanke layin saboda bashi, ko kuma an soka wayar a ramin da ba nata ba, domin modem na da ramuka biyu, ɗaya na layin bango, ɗaya na kan tarho, kuma mutane da dama sun sha musanya su. Gwajin mai sauƙi ne: a jona tarho na yau da kullum a bangon a saurara. Lamba 676 na nufin layin kamfani a cike yake, abin da aka fi gani da yamma lokacin da kowa ke son shiga. Lamba 678 na nufin an buga ba a ɗauka ba, don haka a duba lambar da kyau, musamman a ofisoshin da sai an danna 9 ko 0 kafin a samu layin waje. Lamba 691 kuwa albishir ce ta wani ɓangare: layi lafiya, modem lafiya, an isa kamfani, amma an ƙi sunanka ko kalmar sirrinka, ko kuɗinka ya ƙare. In 633 ce, wata manhaja, kamar ta faks, ta riga ta riƙe modem ɗin.

Saurin ƙarshe da irin wannan layi ya kai shi ne kilobit 56 a daƙiƙa, bayan ƙa'idar V.90 ta 1998, kuma da wuya a samu hakan cif. Layi mai ƙara yakan sauko da shi zuwa 33.6 ko 28.8. Da damina, in ruwa ya shiga mahaɗar wayoyi a kan falwaya, za ka ji ƙaf-ƙaf a tarho, modem kuma ya yi ta yankewa. Haka in wani ya ɗaga kan tarho a falo, ko kiran wani ya shigo a layin da aka kunna wa jiran kira.

Wannan ba tarihi ba ne kawai. Ƙananan modem na USB da suka cika gari a zamanin 3G suna "buga" *99# ne ta wannan tsohuwar hanya ta Windows. Kamfanoni da yawa masu ba da intanet mai sauri ta faiba ko ta ADSL har yau suna amfani da tsarin PPPoE, wato shiga da suna da kalmar sirri, kuma in kwamfuta ce ke yin shigar kai tsaye, 691 ɗin nan za ka gani in kuɗi ya ƙare. Matakan ma ba su canza ba: layi, haɗuwa, tantancewa, adireshi. Abin da ya canza shi ne na'urorin yanzu sun yi gum. Sai ka tambaye su kafin su faɗa.

Kai kaɗai ne, ko kowa da kowa?

Kafin ka taɓa komai, ɗauki waya ko wata kwamfuta da ke kan rauta guda ka gwada. In ita tana aiki, ka rage aikinka da fiye da rabi, domin matsalar tana kwamfutarka. In duk na'urorin gidan sun tsaya, bar kwamfutar ta huta, ka nufi rauta.

Sannan ka gwada shafuka uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida, saboda kuskuren saiti a cikin kamfanin kansa. A awannin nan mutane sun yi ta kashe waya suna kunnawa, wasu har suka ƙara sayen data, alhali buɗe Google sau ɗaya ya isa ya nuna musu cewa layinsu lafiya lau yake.

Akwai kuma yankewar da ta fi ƙarfin kamfaninka ma. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da Kodebuwa da wasu ƙasashe, har bankuna suka ji a jikinsu. A Satumbar 2021 kuwa umarnin hukuma ne ya rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A irin waɗannan ranaku, tambayar maƙwabci ko sauraron rediyo ya fi duk wani gyara amfani.

Kar kuma a raina abu mai sauƙi. Data na ƙarewa da wuri fiye da yadda ake zato, kuma layin da aka toshe saboda rashin haɗa shi da lambar NIN zai iya nuna sabis a cike, amma ko gezau.

Karanta fitilun rauta

Ƙananan fitilun da ke gaban rauta su ne suka maye gurbin kururuwar modem. Ta farko ta wuta ce. In tana mutuwa tana dawowa, ko rautar na kashe kanta tana tashi, ka zargi adaftarta tun kafin ka zargi kamfani. A garuruwanmu, inda ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta da inbata sau da yawa a yini, adafta na gajiya. Takan ba da wutar da ta isa fitila ta kama, amma da aiki ya yi nauyi sai rautar ta faɗi. Gwada wata adaftar mai ƙarfi daidai da abin da aka rubuta a bayan rautar, galibi bolt 12.

Mai faiba zai ga fitilu biyu masu muhimmanci a akwatin da kamfani ya kafa masa: PON da LOS. In PON ta tsaya kore cak, an haɗu da kamfani. In LOS na ƙiftawa da ja, haske ba ya isowa, wato siririn zaren gilashin ya karye ko ya lanƙwashe a wani wuri, a bayan kujera ko can a titi inda masu haƙa kwata suka wuce. Duba na cikin gida ko ya naɗe da yawa, amma kada ka kuskura ka leƙa bakin zaren da idonka, domin hasken da ke cikinsa ba a ganinsa kuma yana iya cutar da ido. Sauran aikin na ma'aikatan kamfani ne. Mai ADSL kuma fitilar DSL zai duba. In tana ta ƙiftawa ba ta tsaya ba, a duba ƙaramin matacin da ke raba murya da data a kan kowane tarho na gidan.

In fitilar layi lafiya amma ta Internet ta mutu ko ta yi ja, an tsaya a matakin tantancewa. Wannan ita ce 691 ta zamani: kuɗi, ko suna da kalmar sirri.

Mai rauta ko MiFi na sim zai fi samun bayani a shafin na'urar. Adireshin na rubuce a bayanta ko a ƙarƙashin batir. Na Huawei galibi 192.168.8.1 ne, wasu kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. A can za ka ga ko na'urar ta gane sim ɗin, ko tana kan 4G ko ta faɗa 3G, ko kuma saitin APN ya dace da kamfanin, abin da ke yawan rikicewa in an sa sim ɗin wani kamfani a na'urar wani.

Kashewa da kunnawa na da amfani, ba a musu. A zare wuta, a jira kamar rabin minti, a mayar, a ba ta minti biyu ta gama tashi. Amma ɗan ramin nan na baya da aka rubuta wa Reset, wanda ake soka wa tsinke, a yi nesa da shi. Yana goge duk saitin rautar, har da sunan shiga da kalmar sirrin da ma'aikacin kamfani ya sa ranar da ya kafa ta, waɗanda mafi yawan masu gida ba su taɓa rubutawa ba.

Tambayoyi huɗu a baƙin allo

Nan ne zuciyar aikin. A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, danna Enter. Baƙin allon da zai buɗe yana tsorata mutane ba gaira ba dalili. Tambayoyi huɗu kawai za ka yi masa.

Ta farko: rubuta ipconfig. Nemi layi biyu, IPv4 Address da Default Gateway. Na farko adireshin kwamfutarka ne a cikin gidan, na biyu adireshin rauta. In naka ya fara da 192.168 ko da 10, rauta ta ba ka adireshi, an wuce wannan mataki. In ya fara da 169.254, kwamfutar ta roƙi adireshi ba wanda ya amsa mata, sai ta laƙaba wa kanta ɗaya wanda ba zai kai ta ko'ina ba. Duba kebul, sake shiga Wi-Fi, sannan ka rubuta ipconfig /release, ka bi shi da ipconfig /renew.

Ta biyu: rubuta ping, ka bar fili, ka sa adireshin rautar, misali ping 192.168.1.1. Kwamfutar za ta aika ƙananan saƙonni huɗu ta jira amsa. In ka ga Reply from sau huɗu, da lokaci na 'yan milisakan kaɗan, tsakaninka da rauta lafiya. In Request timed out ne, matsalar ba ta fita daga gidanka ba tukuna.

Ta uku: ping 8.8.8.8. Wannan adireshin wata kwamfutar Google ce da aka buɗe wa jama'a tun 2009, kuma sauƙin haddacewa ya sa masu gyara suka mayar da ita wurin gwaji. In rauta ta amsa amma wannan bai amsa ba, yankewar tana tsakanin rautar da kamfani, ko cikin kamfanin.

Ta huɗu: ping google.com. Ga inda abin mamaki yakan fito. Sau da yawa 8.8.8.8 zai amsa sarai, amma sunan ya ƙi. Dalili shi ne kwamfutoci da lambobi suke nemo juna, kuma akwai wani tsari, DNS, da ke mayar da sunan da ka rubuta ya zama lamba. In na'urar DNS ta kamfaninka ta samu matsala, hanya a buɗe take amma burauza ba ta san inda za ta nufa ba. Sau da yawa wannan ita ce amsar tambayar da muka buɗe babin da ita, in dai data ba ta ƙare ba. Maganin yana hannunka: shiga saitin katin sadarwa ka sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 na Cloudflare a gurbin DNS, sannan ka rubuta ipconfig /flushdns don share tsofaffin amsoshi.

In amsoshin na zuwa amma wasu na ɓacewa, rubuta ping -t 8.8.8.8 ka bar shi yana gudu na minti biyu, ka tsayar da shi da Ctrl da C. Zai faɗa maka kashi nawa cikin ɗari ya ɓace. Yi haka ga rauta ma. In ɓacewar ta fara tun daga rauta, Wi-Fi ɗinka ne. In sai a waje take faruwa, na kamfani ne. Umarnin tracert 8.8.8.8 kuma zai jero maka zangunan ɗaya bayan ɗaya, sai dai ka sani wasu na'urorin a hanya ba sa amsa gwaji da gangan, don haka taurari a layi guda ba hujja ba ne in na bayansa sun amsa.

Shawarata a duk wannan: canza abu ɗaya, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. Mai canza DNS da kebul da saitin rauta a lokaci guda, ko ya yi nasara bai san abin da ya yi aiki ba, in kuma abin ya ƙara dagulewa bai san wanda zai mayar ba.

Ping lafiya, burauza ta ƙi

Duba agogon kwamfutar. Tsofaffin kwamfutoci na tokumbo suna da ƙaramin batir mai kama da kwabo, CR2032, da ke riƙe kwanan wata. In ya mutu, kwamfutar ta koma wata shekara ta baya, burauza ta ɗauka takardun shaidar tsaro na shafuka ba su da inganci, sai ta ƙi buɗe duk shafin da ya fara da https. Gyara kwanan wata, ka sayi batir.

Duba VPN kuma. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, jama'a da dama sun sa irin wannan manhaja, wasu suka manta da ita. In kwamfutar da VPN ɗin ke bi ta mutu, duk zirga-zirgarka ta mutu tare da ita. Haka saitin Proxy da wata manhaja ta bari.

Akwai wani ciwo mai wuyar ganewa a layukan PPPoE: ƙananan shafuka su buɗe, manya su maƙale a tsakiya. Ƙunshin data a kan kebul na ɗaukar bayit 1500, amma PPPoE na cin 8 daga ciki. In gurbin MTU a rauta bai koma 1492 ba, manyan ƙunsoshi sai su riƙa maƙalewa.

Yana aiki, amma tafiyar hawainiya

Kamfani na sayar da sauri da megabit, burauza kuma na nuna saukar fayil da megabayit, kuma bit 8 ke yin bayit 1. Mai layin megabit 20 da ya ga fayil na sauka da megabayit 2.5 a daƙiƙa ba a cuce shi ba. In da gaske saurin ya gaza, jona kwamfutar da kebul kai tsaye ka auna. In ya gyaru, Wi-Fi ne: bangon siminti da ƙofar ƙarfe na cinye shi. Zangon 5 GHz ya fi sauri amma bai kai 2.4 GHz ratsa bango ba. Fito da rautar daga bayan talabijin, ka ɗora ta sama a tsakiyar gida. In kuma kullum da rana lafiya, da dare ja, a layin sim, turken unguwarku ne ya cika, kuma ba saitin da zai gyara wannan.

In uwar garke ce a gidan

Mai uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi, ko na'urar kyamarorin shago da yake son kallo daga gida, matsalarsa ta juya baya. Shi na waje yake so su shigo. Tambayoyi huɗun nan dai su ne farko, a Linux da ip addr da ip route a madadin ipconfig. Daga nan ka tabbata manhajar na sauraro: ss -tlnp zai nuna ƙofofin da ke buɗe, 80 da 443 na shafuka, 22 na SSH. In ka ga tana sauraro a 127.0.0.1 kawai, kanta kaɗai take ji, ko kwamfutar da ke gefenta ba za ta same ta ba. Sai katangar tsaro ta uwar garken, sai kuma umarnin da ka ba rauta na tura baƙi zuwa gare ta. Wannan umarni yana bin adireshi ne, don haka in an ɗauke wuta aka dawo, rauta ta ba uwar garken sabon adireshi, baƙi za su riƙa ƙwanƙwasa inda ba kowa. A ba ta adireshi tsayayye tun farko.

In duk wannan daidai ne amma har yanzu shiru, shiga shafin rauta ka duba adireshinta na waje. In ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, ko ya bambanta da wanda shafukan duba adireshi ke nuna maka, kamfaninka ya haɗa ku da yawa a bayan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT. Adireshin IPv4 ya yi ƙaranci a duniya, kuma kusan duk layukan sim haka suke. Ba abin da za ka saita a rautarka da zai ratsa wannan. Ko ka sayi adireshi na kanka a wurin kamfanin, ko ka yi amfani da manhajar da ke buɗe hanya daga ciki zuwa waje. Kuma kullum ka yi gwajin daga waje, da datar wayarka bayan ka kashe Wi-Fi, domin rautoci da yawa ba sa barin na cikin gida ya shigo ta adireshin waje.

Kiran kamfani

In bincike ya nuna yankewar ta wuce ƙofar gidanka, kira su da abin da ka gani a hannu. "Hajiya, ina wuni. Na kashe na kunna, na gwada na'urori biyu, da kebul da Wi-Fi. Rauta na amsa ping, 8.8.8.8 ba ya amsawa, fitilar LOS kuma ja take tun ƙarfe huɗu." Mai irin wannan bayani ba a ce masa ya je ya sake kunnawa. Nemi lambar ƙorafinka ka rubuta, tare da lokacin da abin ya fara.

A cikin binciken nan ka shiga shafin rautarka, kuma mai yiwuwa ka lura da sunan admin da kalmar sirri admin ta buɗe, kamar yadda ta fito daga kwali. Duk wanda ya hau Wi-Fi ɗinka zai iya shiga haka, ya canza DNS ɗin rautar ya kai ka shafin banki na bogi. Babi na gaba zai bi saitin rautar ɗaya bayan ɗaya: kalmar sirri, nau'in kullen Wi-Fi, maɓallin WPS, da yadda za ka ga jerin duk na'urorin da ke shan datarka.